Surukina Mai Noman Kankanar da Ba Ya Sha

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin mai gidana, da hantsin wata Talata a ƙarshen daminar nan, shinkafa ta fara nuna ba a kai ga yanka ba. Ba zan kira sunansa ba, don ban taɓa kira ba yana raye. Baba muke ce masa, Baba zan ce.

Kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika. Maza suka taho daga gona yadda suke, wasu da laka har gwiwa, wasu ko fartanya ba su ajiye ba. Ni ina ciki wajen murhu, ina jin maganganunsu ta kan katanga. Wani dattijo mai sarin tumatir da ke zuwa daga kasuwar Bunkure ya ce tun yana saurayi yake ɗaukar kwandunan Baba, bai taɓa tarar da ruɓaɓɓe an ɓoye a ƙasa ba. Wani Bafulatani da Baba ke barin shanunsa su ci karan gona bayan girbi, an ce mini zama ya yi kawai, ya ajiye sandarsa, har aka tafi maƙabarta. Can sai na ji wani ya ce, "Yanzu wa zai riƙa tashinmu a bakin kanal? Ai atishawar Malam ce ke gaya mana gari ya waye." Aka yi dariya, sai kuma aka ji kunyar dariyar, na ji wani yana jan hanci.

A cikin gida mata sun zauna har bakin rijiya. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, bawan Allah. Ya noma kankana har ya tsufa, bai taɓa zama ya sha ba." Wata ta ce ita ta ji alwashi ya yi tun yana yaro. Wata ta ce a'a, wani malami ne ya hana shi. Inna, uwar mai gidana, tana ƙuryar ɗaki da carbi, ba ta gyara wa kowa zance ba. 'Yata kuwa, wadda ba ta cika huɗu ba, tana ratsa ƙafafun mutane tana leƙa fuskokinsu tana cewa, "Ina angona? Ina aka kai angona?" Duk wadda ta tambaya sai ta kau da kai.

Na yi kuka ranar, amma kukan nawa biyu ne. Ina kukan Baba, ina kuma kukan tsoro. Yarinyar nan tana da lalurar da Baba yake da ita, kuma a duk faɗin gidan shi kaɗai ya yarda lalura ce. Ita ce 'yata ta fari. A gidan miji ba a ganin uwa tana rawar jiki a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kira, balle ta tsaya gaban manya tana cewa a yi kaza a bar kaza saboda shi. Baba ne bakina. Da aka fita da shi, na dubi yarinyar na ce a raina, to yanzu wa zai yi magana?

Karatuna bai yi nisa ba, amma ina so in ajiye abin da na gani na wannan tsoho, don kada ya zamana atishawa kaɗai za a riƙa tunawa da shi.

Lokacin da aka kawo ni gidan daga Kumbotso, abin da na fara lura da shi a wurin Baba shi ne ba ya shiga gida da rigar gona. A zaure yake tuɓe ta, ya rataye a ƙusa, ya sa wata. Sannan ya ɗauki buta ya wanke fuska, ya shaƙa ruwa a hanci kamar mai alwala, ya wanke gemu, ko da ba lokacin salla ba ne. Akwai wani ƙyalle da yake jiƙawa ya ɗaura a hanci in zai ratsa bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, inda ciyawar kacala da kyasuwa suka fi mutum tsayi. Yara suna masa dariya a ɓoye. Matan gidan suka ce mini tsabta ce ta yi masa yawa. Ni ma haka na ɗauka, har damina ta yi nisa, ciyawa ta fitar da kai, gero ya yi bununi, wato wannan garin mai laushi da ke zuba daga kansa in ya yi fure. A nan na ga abin da idona. Idanun Baba suka koma ja kamar an zuba musu barkono, hanci yana zuba, atishawa kuwa in ya fara sai ya dafa bango.

Yana da abin da yake faɗa a kan atishawar. In ya yi ta farko ya ce alhamdulillahi, mutane su amsa masa, ya yi ta biyu su amsa, ya yi ta uku su amsa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "To ku huta haka nan, kun sauke nauyi. Sauran nawa ne." Kuma yakan ce, "Ni ba na buƙatar a gaya mini kyasuwa ta yi fure. Hancina ya je gona ya dawo ina kwance."

Maganar kankana kuwa, Inna ce ta ba ni labarin wata rana muna gyaran shinkafa. Ta ce Baba yana da amini, maƙwabcinsa a gona, ruwansu ɗaya, rana ɗaya ake sakar musu daga kanal. A nan wajenmu in kankanarka ta fara nuna, wadda ka fara tsinka kai da maƙwabcinka za ku fasa ku sha a bakin gona. Shekara da shekaru Baba yana zillewa, yau ya ce yana azumi, gobe ya ce cikinsa ba daɗi. Wata shekara aminin ya tare shi a gaban mutane, ya fasa, ya miƙa masa. Baba ya ce, "Ka yi haƙuri, ba ta karɓe ni ba." Mutumin ya ajiye wuƙa ya ce, "Malam, faɗa mini gaskiya. Zargina kake? Kana ganin zan sa maka wani abu?" Daga ranar ya daina gaishe shi. Rani guda suna ban ruwa kafaɗa da kafaɗa, ba mai ce wa wani sannu. A masallaci ma kowa ya canja sahu.

Inna ta ce abin ya ci Baba har ya rame. Da wata kankanar ta nuna, sai ya tsinko tasa, ya tsallaka kunya ya iske mutumin, ya fasa a gabansa, ya ce, "Zauna ka kalla." Ya sha yanka guda. Ba a jima ba ya fara susar maƙogwaro, yana goga harshe a haƙori, leɓensa ya tashi suntum. Aminin ya ruɗe, yana salati, yana neman ruwa, yana cewa a kawo babur. Baba da kumburarren baki, magana ma ba ta fita sosai, ya ce masa, "Yanzu ka yarda, ko in ƙara?" Inna ta ce ita da aka kawo mata shi gida faɗa ta yi masa, ta ce da ka mutu fa? Ya ce ai gara wannan da gabar. Aminin ya riga shi rasuwa. Baba ne ya yi masa wanka.

Ɗanyen tumatir ma haka. Miya yana ci, har ya ƙara, amma in an yanka tumatir a kan kwaɗo ko wake da shinkafa sai ya tsince ya ajiye gefe. Matan gida suna cewa iyayi ne na tsufa.

Yarinyar nan ta shiga shekara ta uku abin ya fara mata. Ido ya yi ja, tana murza shi da bayan hannu har ya kumbura, majina kamar ruwa, atishawa a jere. Inna ta ce sanyin kanal ne, mu da ke zaune cikin ruwa. Aka hana yi mata wanka da safe, aka tula mata riguna cikin zafi. Mai gidana ya sayo maganin mura a kemis, kwalba ta ƙare aka sake wata. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce in bincika, ƙila an ratsa da ita bakin ruwa da almuru iska ta taɓa ta. Ni dai ina kallo. Na lura in an shigo da kyasuwar ragunan gidan an jibge a jikin tagar ɗakinmu, ranar ba ta da sauƙi. Na lura in ta yi wasa a cikin ciyawar ta fito, wuyanta da hannuwanta sai sun yi ruɗu-ruɗu. Na lura da mun je Kumbotso gaishe da iyayena, kwana biyu ta warware. Duk na gani. Amma wa zan gaya wa? Na taɓa soma wa mai gidana zancen, ya ce, "Ke dai kin cika tsoro. Wane yaro ne ba ya majina?"

Tsakanina da Baba kuwa sai gaisuwa. In durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, in ce ina kwana, ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, in tashi. Iyakarta ke nan tun da na zo gidan.

Wata safiya yana zaune a tabarmarsa ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ni ina wanke-wanke na ba shi baya. Yarinyar ta fito tana atishawa. Shi ma ya yi tasa. Ya ce, "Amarya, zo nan. Wa ya taɓa mini ke? Dubi idonki, dubi nawa. Ashe mun dace." Ya ɗora ta a cinya. Sai na ji ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa yaron da ke kan cinya magana.

"Amarya, tambayarki zan yi. Da safe kika fi yin atishawar nan ko da yamma?"

Yarinyar da ko sunan kwano ba ta gama iyawa ba. Sai na gane ba da ita yake ba. Na ci gaba da cuɗa tukunya, ban juyo ba, na ce, "Ke, ba ki ji ana tambayarki ba? Ki ce da safe, da kuma in an shigo da ciyawa."

"To, Amarya. In an yi ruwa mai yawa fa?"

"Ki ce tana lafawa."

"In kin je wurin kakanninki na can wajen birni fa, waɗanda ba su kai ni kyau ba?"

Saura kaɗan in yi dariya. Na ce, "Ki ce can ba kya yi."

Yarinyar ta kama gemunsa tana cewa, "Ciyawa, ciyawa!" Ya ce, "Ƙwarai, Amarya, kin fi kowa hankali a gidan nan. To ki gaya wa mai yi miki wanka, a riƙa wanke miki fuska da hannu in kin shigo daga wasa. A rufe taga da safe. A cire miki rigunan nan, ba sanyi ke damunki ba. Sauran ki bar mini."

Hawaye ne suka riƙa ɗiga mini a cikin ruwan wanke-wanke. Daga ranar haka muke hira da Baba. Duk abin da na gani sai in jira ya zauna a tabarma, in tura ta, in faɗa mata da ƙarfi. Shi ma ya ba ta amsa. Matan gidan sun gane, amma ba wadda ta iya cewa an yi rashin kunya, don ban taɓa dubansa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba.

"Sauran" da ya ce a bar masa, shi ne ragunan. Babban wan mai gidana, wanda muke ce wa Yaya, shi ke da mafi yawansu, yana kiwo yana sayarwa da babbar salla. Baba ya kira shi da mai gidana ya ce a fitar da raguna da ciyawarsu bayan gida, a yi musu rumfa a can. Yaya ya ce, "Baba, bayan gida fa? Ka manta an kwance wa maƙwabta akuya bara? Saboda majinar yarinya za a kai dukiya waje?" Baba ya ce, "Na ji. A fitar." Yaya ya ce, "Sangarta ta kawai ake yi. Mu da muka tashi cikin ciyawar nan me ya same mu?" Baba ya miƙe, ya nufi tarin kyasuwar, ko ƙyallensa bai ɗaura ba, ya rungumi dami ya ɗora a kai. Kafin ya kai zaure atishawa ta sarƙe shi, hawaye na zuba, yana tangaɗi. Ya kai, ya dawo ya rungumi wani. Mai gidana ya ruga ya riƙe damin yana cewa, "Don Allah Baba, don Annabi." Daga baya Yaya ya sunkuya ya fara kwasa. Ranar Baba bai iya zuwa masallaci ba.

Ba zan ce Baba ba shi da nasa ba. Yana da zuciya, kuma in ya riƙe mutum ya riƙe. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwar Yaya bayan wannan, har sai da Inna ta sa baki ta ce ɗanka ne fa, ba abokin gabarka ba. A bakin kanal ma an san shi, in aka taɓa masa ranar ruwansa duk wanda ke kusa sai ya ji. Kuma ba ya son asibiti. Ya yi imani zuma da habbatus sauda sun isa, kullum sai ya lasa wa yarinyar da yatsa, ya ce da haka za ta rabu da abin.

Ranar da ta fi kowacce tsorata ni, da rani ne, bayan azahar. Ƙanwar mai gidana ta zo ganin gida, aka fasa kankana, ta ga yara suna sha, ta miƙa wa yarinyar yanka. Ba ta san komai ba, mu ma ba mu taɓa gwada ta ba. Ina ɗaki na ji tana wani irin tari. Na fito na tarar tana cusa yatsu a baki tana susar harshe, leɓenta na sama ya tashi, muryarta ta dushe. Inna tana cewa a kawo man shanu, ƙanwar tana kuka. Sai ga Baba daga zaure. Kallo ɗaya ya yi wa ɓawon kankanar a ƙasa, ya sure ta, ya ƙwala wa mai gidana kira ya ce ya tada babur. Mutumin da ba ya son asibiti. Da zai fita ya ce, "Amarya, ki ce wa uwarki ta sa mayafi ta biyo mu."

A asibitin garinmu aka yi mata allura, aka ba ta magani, muka zauna har kumburin ya fara sauka. Malamar asibitin mace ce mai haƙuri. Ta yi tambayoyi, mai gidana yana amsa abin da ya sani, ni ina raɗa masa sauran. Da ta ji labarin ciyawa, ta ji Baba ma haka yake, sai ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta ce borin jini ne. Jikin wasu mutane yana ɗaukar garin furen ciyawa a matsayin abokin gaba, sai ya tashi faɗa. Ta ce ciyayin nan dangin juna ne, gero da masara ma cikin danginsu suke, shi ya sa wanda kyasuwa ta dama sau da yawa bununi ma ba ya barinsa. Kuma akwai wani abu a cikin kankana da ɗanyen tumatir da ya yi kama da abin da ke cikin garin furen, sai jiki ya kasa bambancewa, ya far wa baki da maƙogwaro. Ta ce wuta takan canja abin, shi ya sa miya ba ta cika tayar da shi ba.

Baba ya ce, "Ashe abin ɗaya ne. Ni duk rayuwata na ɗauka cuta biyu Allah ya ba ni."

Ta ce akwai ƙwayoyin da za su rage masa wahala. Ya ce shi ya saba, a ji da yarinya. Ya kawo maganar zuma, ta ce ba ta hana ba amma ba za ta wadatar ba. Bai ji daɗi ba, har muka dawo gida yana cewa zumar dai ba ta yi wa kowa laifi ba. Abin da ta fi nanatawa shi ne a kai yarinyar babban asibiti a Kano, a yi mata gwajin da ake ɗiga abubuwa a fatar hannu a ga waɗanda jikinta ba ya so, don wataƙila ba ciyawa kaɗai ba ce, har da irin su zaƙi-banza. A kuma duba ƙirjinta, saboda tarin da take yi zai iya zama asma. Aikin rani ya riƙe kowa, damina ta shigo ta riƙe kowa. Baba ya ce da zarar an yanke shinkafa shi da kansa zai kai ta.

Washegarin ranar asibitin, da yamma, ya zauna a tabarma ya ɗora ta a cinya. Wannan karon bai ɗaga murya sosai ba, sai da na matso da turmi kusa kamar ina da abin dakawa.

Ya ce, "Amarya, ina da wata ƙanwa, kamarki ɗaya. Ita ma in kaka ta yi haka take, ido ja, ƙirji yana kuka. Tare muke atishawa ana mana dariya. Wata kaka numfashinta ya sarƙe, aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi a ɗaki har ta cika. Ni yaro ne lokacin, ban wuce ɗaukar buta ba. Uwarmu tana tsaye a bakin ƙofa, surukanta sun cika ɗakin, ba ta ce komai ba." Ya gyara wa yarinyar ɗankwali. Ya ce, "Ke ba za a yi miki haka ba."

Bai kai yankan shinkafar ba. Ya dawo daga gona wata Lahadi, ya tuɓe riga a zaure, ya ɗauki buta, sai butar ta suɓuce. Hawan jini ne, in ji likita. Ya kwana biyu a asibiti bai yi magana ba.

Ana cikin zaman makoki aka dawo da ragunan tsakar gida, wai gida cike da baƙi, ba mai lura da baya. Baƙi suka watse, raguna ba su koma ba. Kyasuwa kuma lokacinta ne, ta yi fure fari fat, aka ci gaba da jibge ta a jikin tagarmu. Yarinyar ta koma gidan jiya, har ta fi, don yanzu in ta tashi da safe ina jin ƙirjinta yana fito kamar ana busa kara. Na yi wa mai gidana magana, ya ce in bari a yi bakwai. Aka yi bakwai, ya ce in bari a yi arba'in, Yaya ne babba yanzu, ba zai fara da musu da shi ba kabarin Baba bai bushe ba. Ban ga laifinsa ba, shi ma maraya ne. Inna tana takaba, ba ta fitowa. Na riƙa duban wurin da tabarmar take a ƙarƙashin darbejiya.

Wata la'asar yarinyar ta yi tari har ta yi amai. Na wanke ta, na kwantar da ita. Yaya yana tsakar gida yana duba ragunansa, matan gidan suna tsinkar zogale. Ban san lokacin da na sa mayafi ba. Na je na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Lafiya? Ina mijin naki?"

Na ce, "Yana gona, Yaya. Ni ce da magana."

Matan suka daina tsinka.

Na ce, "'Yata ba ta da lafiya. Ciyawar nan ce. Malamar asibiti ta faɗa, Baba ya ji da kunnensa. Ina roƙon a mayar da ragunan baya, a kuma kai ta Kano yadda aka ce. In an jira arba'in ban san yadda ƙirjinta zai kai ba."

Ban taɓa cewa "'yata" a gidan ba sai ranar. Yaya ya dube ni, ya dubi ragunan. Ya ce, "Tashi. Na ji." Ya fita. Ina komawa ɗaki na ji wata tana cewa, "A kan 'yar fari! Yaran yanzu ido a tsaye." Washegari ciyawar tana nan. Mai gidana bai yi mini faɗa ba, amma bai ci tuwona ba.

Kwana biyu bayan haka Inna ta aiko in zo. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa. Ta rame, carbin yana hannunta. Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi.

Ta ce, "An gaya mini abin da kika yi. Rashin kunya ne."

Na ce, "Ki yafe mini, Inna."

Ta ce, "Ni na haifi tara, ban taɓa buɗe baki a kan na farin ba." Ta ja carbi. "Na kira shi na farin nawa, Yayan naku, ɗazu. Gobe za su kwashe ragunan. Jibi mijinki zai kai ku Kano. Ki shirya ta da wuri, kada ki tsaya shafe-shafe, mota ba ta jira. Tashi ki ba ni wuri."

An kwashe ragunan yau da safe. Na share wurin, na yayyafa ruwa, na sake sharewa. Gobe za mu tafi. Ban san abin da za su gani a ƙirjinta ba, kuma tsoro bai sake ni ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yafe masa zafin zuciyarsa, ka karɓi alherinsa, ka yalwata masa kabari, ka haɗa shi da ƙanwarsa a Aljanna. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya yi masa addu'a, ya kuma sa jikarsa a ciki.